Truetone 1 Spot Pro CS7: akwatin wutar fedojin jita mai inganci, da ƙofar da ya kamata a toshe

Bakin wayar wutar da ke shiga fedar Boss, wato ƙaramar na'urar da mai jita ke takawa da ƙafa don sauya sauti, kaurinsa milimita 5.5 ne daga waje, raminsa kuma 2.1. Irin wannan bakin ne a jikin adaftar dikoda, da ta rauta, da ta kyamarar tsaro, da ta ƙananan piyanon Yamaha da ake gani a ɗakunan haɗa waƙa da majami'u. Duk suna shiga ramin feda daram, babu gardama. Amma feda tana neman 9V ne na DC, negetif a tsakiya, su kuwa waɗancan galibinsu 12V ne, fositif a tsakiya. Wanda ya ɗauko ɗaya daga cikinsu don ya ga ta shiga ya yi kuskure biyu a lokaci guda: ya ƙara ƙarfin wuta, ya kuma juya ta. Daƙiƙu kaɗan sun isa a ji warin ƙuna.

Saboda irin wannan asara ne mutane ke sayen akwatin wuta na musamman mai ƙofofi da yawa, kuma CS7 na kamfanin Truetone yana cikin waɗanda suka fi dacewa da mai fedoji biyar zuwa bakwai. Kamfanin yana jihar Tennessee a Amurka, da can sunansa Visual Sound kafin ya sauya a 2015. Hukuncinmu a kansa tun daga farko: ya cancanci kuɗinsa, musamman ga wanda ke zaune inda wutar gida 220 zuwa 240 ce kuma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sai dai akwatin bai san wace feda aka jona masa ba, kuma a jikinsa akwai wutar da za ta iya ƙona feda kamar yadda adaftar dikoda za ta yi. Wanda zai saya ya kamata ya san wannan kafin ya buɗe kwali.

Ƙofofinsa bakwai ne, duk DC, duk negetif a tsakiya. Ta farko 18V ce, an rubuta mata 100mA (miliamfiya, ma'aunin yawan wutar da ƙofa ke iya bayarwa). Ta biyu zuwa ta biyar kowacce 200mA, kuma ana iya sa ta a 9V ko 12V ta hanyar ƴan ƙananan makunnai da ke ƙarƙashin akwatin. Ta shida da ta bakwai 9V ne zalla, 500mA kowacce. Jimilla 1900mA ke nan. Jikinsa ƙarfe ne, wayar wutar gida irin ta kwamfutar tebur ce wadda ake samu a kowace kasuwa, don haka idan ya zo da fulogin Amurka sai a sauya wayar kawai da mai ƙafa uku ta Najeriya ko mai ƙafa biyu zagayayyu ta Nijar. Yana karɓar wutar gida daga 100V zuwa 240V ba tare da an murɗa komai ba.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce babban dalilin da ya sa muka fifita shi a kan Pedal Power 2 Plus na Voodoo Lab, wanda ya daɗe yana riƙe da kasuwa kuma har yanzu akwati ne mai kyau. Pedal Power taransifoma ce a cikinsa, kuma kowane guda an naɗa shi ne don wutar ƙasa guda: na Amurka 120V, na Turai 230V. Kayan kiɗa na gwanjo da yawa daga Amurka suke fitowa. Idan aka soka na 120V a soket ɗin 230V, taransifomar za ta ɗau zafi nan take, in an yi sa'a ita kaɗai za ta tafi, in ba a yi ba wutar da ta haura za ta isa sassan da ke bayanta. Duk wanda ya ci karo da Pedal Power na gwanjo ya duba rubutun da ke kusa da ramin wayar wuta kafin ya biya. Akwai kuma matsalar ranar da wuta ta zo ba ƙarfi. Akwatin taransifoma yana rage abin da aka ba shi ne daidai gwargwado, idan wutar gida ta faɗi sosai sai abin da ke isa ga mai daidaita 9V ya gaza, ƙugi ya shigo cikin sauti. CS7 kuwa bai damu ba ko wutar ta sauka zuwa 170 ko 150, abin da ke fita 9V ne. Iyakarsa ta sama dai 240 ce, saboda haka janaretan da ke hawa da sauka yana buƙatar sitabilaiza ko aƙalla soket mai kare tartsatsin wuta a tsakani.

Kada a rikita shi da babban wansa CS12. Shi CS12 yana da ƙofar 9V ta AC, wadda ke buƙatar taransifoma, don haka yana da makunnin zaɓar wutar gida tsakanin 115 da 230, kuma dole a duba shi kafin a kunna. CS7 ba shi da AC ko kaɗan, kuma a ganinmu wannan rashin alheri ne ga mai shi, don babu wutar da ke yi wa fedar DC ɓarna irin AC.

Yana da kyau a fahimci abin da ke faruwa a cikin fedar, don daga nan ne ake gane abin da akwatin ke karewa da abin da ba ya karewa. A mafi yawan fedojin analog, da zarar wuta ta shigo tana cin karo da dayod ɗin kariya, sannan babbar kwandansa mai tace wuta, yawanci 47 ko 100 maikrofarad, sannan ta wuce zuwa ai-si, ƴan sassan da ke sarrafa sautin, irin su JRC4558 ko TL072. Dayod ɗin iri biyu ne. Wasu kamfanoni suna sa shi a kan hanyar wutar, kamar 1N5817: idan wuta ta zo daidai ya bar ta ta wuce ya ci kusan 0.3V, idan ta zo a juye ya rufe hanya, fedar ta ƙi kamawa, ba abin da ya lalace. Wasu kuwa suna gicciya shi ne tsakanin fositif da negetif, kamar 1N4001 da danginsa. Wannan ba ya yin komai sai ranar da wuta ta juye, sai ya zama gajeriyar hanya ya kwashe wutar duka a kansa don kada ta isa ga ai-si. Da batir ne, yana jurewa na ɗan lokacin da mutum ya taɓa shi a juye. Da adaftar 12V mai amfiya 1.5 ko 2 ne, dayod ɗin da aka yi don amfiya 1 zai yi zafi har ya narke a ciki. Yawanci yana mutuwa ne a haɗe, wato ya zama waya. Daga nan ko an kawo wutar da ta dace fedar ba za ta kama ba, batir sabo ma zai yi zafi ya ƙare cikin mintuna. Wannan ita ce mutuwa mai sauƙi, gyaranta dayod ɗaya ne. Idan aka bar adaftar a jone har dayod ɗin ya tsage ya buɗe, ko siririn layin tagulla na fanel ya ƙone, to juyayyar wuta ta isa kwandansa da ai-si, kuma su ba sa jure ta.

AC tana yin wannan ɓarnar sau 50 a kowace daƙiƙa, don rabin kowane zagaye a juye yake. Kuma 9V ta AC ba 9 ba ce a ƙololuwarta: tana kai wa kusan 12.7V ta kowane ɓangare, fiye da haka ma idan ba ta ɗauke da kaya. Adaftocin da suka fi jawo wannan su ne na tsohuwar Line 6 DL4 da POD, da na DigiTech Whammy ta huɗu, duk an rubuta musu 9V, sai wanda ya lura zai ga AC ko alamar igiya mai lanƙwasa a gefe. Bakin adaftar Line 6 raminsa 2.5 ne. Baki mai ramin 2.1 ba ya shiga feda mai tsinken 2.5, amma mai 2.5 yana shiga mai tsinken 2.1, da ɗan sako-sako, kuma yana taɓawa. Ke nan kuskuren ta hanya mai haɗarin kaɗai yake yiwuwa.

Daga waɗannan biyun, juyayyar wuta da AC, CS7 yana karewa sosai, matuƙar an yi amfani da wayoyinsa na asali kuma an kwashe sauran adaftoci daga kusa da allon da ake jera fedojin a kai. Abin da ba ya karewa shi ne wutar da ta fi ƙarfin feda.

Ƙofar 18V bakinta iri ɗaya ne da na sauran shidan, kuma ita ce ta farko a jere. A cikin duhun dandali, ko idan akwatin yana ɗaure a ƙarƙashin allo inda hannu kawai ke lalubawa, babu abin da zai hana waya ta shiga can. Mutane da yawa suna ɗauka cewa tunda wasu fedoji suna son 18V, to kowace za ta jure. Gaskiya ne Fulltone OCD tana aiki daga 9V har 18V, kuma MXR M117R Flanger da M108 mai daidaita sauti goma 18V ce abincinsu. Su ai-si irin 4558 da TL072 ma suna ɗaukar har 36V tsakanin ƙafafunsu, ba su ne ke fara mutuwa ba. Kwandansa ce. A jikin kowace an rubuta iyakarta, kuma a fedojin da aka ƙera don 9V sau da yawa 16V ce, wani lokaci ma 10V. Aka ba ta 18V sai ta kumbura, ko ta yi yoyo, ko ta fashe da ƙara. Wani lokaci ba ta mutuwa ranar, sai bayan makonni feda ta fara ƙugi, mai ita bai ma tuna abin da ya faru ba.

Mafi saurin mutuwa su ne fedojin da ke ninka wuta da kansu a ciki. Klon Centaur da KTR da ɗimbin kwaikwayonsu suna karɓar 9V, wani ɗan ai-si irin MAX1044 ko ICL7660 ya samar musu da kusan 18V da kuma 9V negetif a ciki. Iyakar abin da wannan ai-si ke karɓa 10V ce. Ba ma sai 18V ba, 12V kaɗai tana iya gamawa da shi. Haka ma fedojin koras da dilei na analog masu ai-si irin MN3207, wanda aka yi shi don ƙaramar wuta. Su kuma fedojin dijital suna sauke wutar ne zuwa 5V ko 3.3V, kuma idan mai saukewar irin wanda ke mayar da rarar wuta zafi ne, lissafin a fili yake: feda mai cin 100mA a 9V tana zubar da wat 0.4 kafin ta kai 5V, a 12V wat 0.7, a 18V wat 1.3, wato fiye da ninki uku a kan ɗan ƙaramin sashe da ba shi da ƙarfen sanyaya. Kamfanin Strymon ya faɗa ƙarara cewa fedojinsa TimeLine da BigSky 9V kaɗai suke karɓa. Fanel ɗin irin waɗannan fedoji sassansa ƙanana ne manne a fuska, ba kowane mai gyaran rediyo ke iya taɓa su ba, kuma yawancin kamfanoni ba sa ɗaukar nauyin gyara kyauta idan wutar da ba daidai ba ce ta yi ɓarnar.

Saboda haka shawararmu ga duk wanda ba shi da fedar 18V: tun ranar farko ya manna salatif a kan ƙofa ta ɗaya, ya rufe ta ruf. Wanda ke da irin fedar ya sa wa wayarta alama mai launi a duka bakunan biyu, ya kuma manna irin launin a jikin fedar. Truetone tana sayar da wata ƴar waya mai suna V189 da ke mayar da 18V ɗin zuwa 9V, ga wanda ke son ita ma ƙofa ta ɗayan ta yi masa aiki. Da kamfanin ya sa wa wannan ƙofa wani launi mai ɗaukar ido ko murfi na roba, da ya kyauta, kuma wannan ne babban abin da muke ƙorafi a kai a ƙirar akwatin.

Makunnan 12V na ƙarƙashi su ne haɗari na biyu, kuma sun fi ɓoyuwa. Idan akwatin na hannu ne, mai shi na farko yana iya barin ɗaya ko biyu a 12V, kuma babu abin da zai nuna haka daga sama. Sabo ma a duba. Amfaninsu dai na gaske ne. Tsofaffin fedojin Boss na analog da aka yi kafin 1997, waɗanda takardar da ke jikinsu ta ce a yi amfani da adaftar ACA, suna da rasista da dayod a kan layin negetif da ke rage 12V zuwa kusan 9V. Idan aka ba su 9V daga keɓaɓɓiyar ƙofa, wato wadda negetif ɗinta bai haɗu da na sauran ba, fitilarsu za ta yi dishi-dishi, sautin ya shaƙe. Waɗannan su ake sa wa 12V. Amma a karanta takardar ƙasan fedar da ido, don DS-1 ta 1985 da ta 2015 kamanninsu ɗaya daga sama, kuma wadda aka rubuta wa PSA 9V take so. Abin lura a nan: idan aka jona tsohuwar fedar ACA a wayar sarƙa, wato waya ɗaya mai bakuna da yawa, tare da wata fedar PSA, layin giraun da suka haɗa ta wayar sauti yana tsallake rasistar da dayod ɗin, sai 9V ta ishe ta. Wanda ya ba irin wannan haɗin 12V ya tura 12V ɗin kai tsaye cikin fedojin biyu.

Kafin a jona ko da feda ɗaya, minti biyar da mitar auna wuta irin ta masu gyaran rediyo sun wadatar. A sa mitar a DC, ma'aunin 20V. A jona waya a ƙofar, a zura jan tsinke cikin ramin bakin wayar, baƙin kuma a ɗora shi a kan ƙarfen waje, a kula kada tsinkayen biyu su haɗu. Abin da ake so a gani shi ne 9 da ɗigo kaɗan, da alamar debewa a gabansa. Alamar debewar ce shaidar negetif yana tsakiya. A bi ƙofofin bakwai ɗaya bayan ɗaya, a rubuta abin da kowace ta bayar a salatif a manna. Haka za a yi wa kowace adafta da ke cikin jaka. Wadda ta nuna kusan sifili a ma'aunin DC alhali tana da rai, a juya mitar zuwa AC, a nan za ta bayyana kanta. Tsofaffin adaftoci masu nauyi da ba su da mai daidaita wuta kuwa, an rubuta 9V amma mita za ta nuna 12 ko 13 ko 14, domin sai an ɗora musu cikakken kaya suke sauka zuwa 9, kuma fedar da ke cin 4mA ba kaya ba ce a wurinsu.

A jikin feda kuma, kusa da ramin wuta ko a ƙasanta, akwai ɗan zane: ɗigo a tsakiya, rabin da'ira ta kewaye shi, layi ɗaya ya tafi ga alamar tarawa, ɗaya ga alamar debewa. Alamar da layinta ya taɓa ɗigon ita ce tsakiya. Kada a ɗauka duk feda irin Boss ce. Eventide H9 fositif ne a tsakiya, da baki 2.5. Moogerfooger na Moog ma fositif ne a tsakiya. Deluxe Memory Man ta Electro-Harmonix 24V take ci. Tsofaffin ProCo RAT da Big Muff suna da rami irin na abin sauraro, milimita 3.5, fositif a tsini. Truetone tana da wayoyin sauyi don waɗannan: CYR mai juya wuta, C35 mai bakin 3.5, CL6 mai bakin 2.5, da CBAT mai maɓallin batir ga fedar da ba ta da ramin wuta sam. A tambayi mai sayarwa waɗanne ne ke cikin kwalin, musamman idan na hannu ne. Kowace wayar sauyi kuma a auna bakinta da mita kamar yadda aka auna ƙofofin, sannan a ɗaure ta da fedarta, don wayar da ke juya wuta idan ta ɓata cikin sauran wayoyi ta zama tarko.

Batun mA shi ne inda tsoro ya fi yawa alhali haɗari ya fi ƙanƙanta. Lambar da ke jikin ƙofa iyakar abin da za ta iya bayarwa ce, kamar randa ce da kowa ke ɗiban abin da zai sha: DS-1 mai cin 4mA a ƙofar 500mA za ta ɗebi 4 ɗinta ta bar saura. Matsala tana zuwa ne idan ƙofar ta gaza. Feda dijital za ta riƙa mutuwa tana farfaɗowa, ko ta tsaya a tambarin farko, ko ta yi tsuwwa. A CS7 rabon yana da sauƙi. Boss TU-3 tana cin 30mA, ta kai 85mA idan aka ƙure hasken fitilunta. Tube Screamer ba ta kai 10mA ba. DD-7 tana cin 55mA. Duk waɗannan na ƙofofin 200mA ne. BigSky da TimeLine kowace tana neman 300mA, su ne na ƙofa ta shida da ta bakwai. A nan ma CS7 ya fi Pedal Power 2 Plus, wanda manyan ƙofofinsa biyu 250mA ne, sauran shidan 100mA, don an tsara shi ne a zamanin da fedojin dijital masu yawan ci ba su cika allo ba. Truetone ta kuma ce ƙofa ɗaya tana iya ba da fiye da lambar da ke jikinta matuƙar jimillar duka ba ta wuce 1900mA ba. Duk da haka, Line 6 HX Stomp adaftarta ta asali amfiya 3 ce, kuma mafi kwanciyar hankali a bar ta da abarta.

Keɓewar ƙofofin ita ce abin da ake biyan kuɗin a kai, kuma ta gaske ce. Kowace ƙofa negetif ɗinta daban yake, ba ya haɗuwa da na maƙwabciyarta. Amfanin farko shi ne shiru: tsuwwar agogon feda dijital ba ta bin layin wuta ta shiga fedar distoshan, wadda za ta ƙara mata ƙarfi ninki ɗari ta aika amfilifaya. Amfani na biyu ya shafi tsira kai tsaye. Fuzz Face ta jamaniyam da danginta masu taransista PNP fositif ne giraun ɗinsu. Idan aka sa irin wannan a wayar sarƙa ɗaya da fedoji na yau da kullum, wayar sautin da ke tsakaninsu za ta haɗa fositif da negetif na adaftar kai tsaye, allon duka ya mutu, adaftar ta ɗau zafi. A keɓaɓɓiyar ƙofa wannan ba ya faruwa. Haka kuma idan feda ɗaya ta lalace ta zama gajeriyar hanya, ba ta shafa wa sauran ta layin negetif.

Akwai akwatuna masu araha da yawa a kasuwannin intanet da aka rubuta wa cewa ƙofofinsu keɓaɓɓu ne, alhali wayar sarƙa ce aka sa a cikin gwangwani. Gwajin ba shi da wuya. A cire akwatin daga wuta, a jona wayoyi biyu a ƙofofi biyu, a sa mita a wurin da take ƙara idan hanya ta haɗu, a zura tsinke ɗaya a ramin kowane baki. Idan ta yi ƙara, negetif ɗinsu ɗaya ne, ba a keɓe komai ba. A CS7 mitar shiru take yi tsakanin kowace ƙofa biyu. Wannan gwajin yana da amfani ko a kan wanda aka saya da sunan Truetone daga hannun da ba a sani ba.

Ba kowa ke buƙatarsa ba. Mai fedoji uku ko huɗu na analog, duk 9V, duk negetif a tsakiya, ƙaramar adaftar 1 Spot ta kamfanin ɗaya, mai 1700mA da wayar sarƙa, ta ishe shi, ita ma tana karɓar 100V zuwa 240V, kuma ba ta da 18V ko 12V da za a yi kuskure da su. Bakunan sarƙar da ba a amfani da su dai a sa musu murfi, don ƙarfen wajensu fositif ne, idan ya taɓa jikin feda ko kan wayar sauti ya haɗa wuta. Wanda kuma allonsa gajere ne ƙasa-ƙasa, irin Pedaltrain Nano ko Metro, CS7 ya yi masa kauri, ba zai shiga ƙarƙashi ba, CS6 aka yi don wannan. A manyan allunan Pedaltrain masu tudu yana zama da ƙarafan ɗauri da ke zuwa tare da shi. A ɗaura shi ta yadda ƙofofin ke kallon inda ido zai iya gani idan an ɗaga allon, kuma a gama saita makunnan ƙasa kafin a ɗaure sukurori, don bayan nan isa gare su sai an kwance.

Idan kuma ɓarnar ta riga ta faru, kada a sake gwada fedar da wata adafta ana fatan ta farfaɗo, don kowane gwaji yana ƙara ƙona abin da ya rage. A cire wuta da batir, a soka wayar jita a ramin shiga saboda a fedoji da yawa shi ne ke haɗa layin negetif, a auna tsakanin fositif da negetif na ramin wuta a ma'aunin om. Idan ta nuna om kaɗan, ƙasa da goma, kusan ko yaushe dayod ɗin kariya ne ya haɗe. A buɗe, a nemo shi kusa da inda wayoyin wuta suka sauka a fanel, a ɗaga ƙafarsa ɗaya da ƙarfen soda a sake aunawa. Idan haɗewar ta tafi, a sauya shi da irinsa, zoben da ke jikinsa yana kallon inda na tsohon yake kallo. Idan dayod ɗin irin na zena ne, kamar yadda yake a wasu fedoji, a sa mai lamba ɗaya, kada a musanya shi da dayod na gama-gari. A duba rasistar da ke kusa ko ta yi baƙi, a sauya babbar kwandansar ko da ba ta kumbura ba, da mai 25V in wuri ya isa, don kuɗinta bai taka kara ya karya ba kuma wadda ta sha juyayyar wuta ba a sake amincewa da ita. Gwajin farko bayan gyara a yi shi da batir, don batir ba ya iya tura wutar da za ta ƙona layin fanel idan akwai sauran matsala. A auna ƙafa ta 8 ta ai-si mai ƙafa takwas irin 4558 ko TL072, a ga kusan 9V, sannan ƙafa ta 1 da ta 7 su nuna kusan rabi, 4.5V. Idan ɗayansu ta manne a sifili ko kusa da 9, ko ai-si ɗin yana zafi a yatsa, shi ma ya tafi, kuma gara a sa masa soket kafin a dasa sabo.